Habbatus Sauda

Habbatus sauda ƙwayar wani ɗan tsiro ce da masana tsirrai ke kira Nigella sativa. Baƙa ce wuluk, girmanta kamar na riɗi, tana da kusurwa uku, kuma idan aka tauna ta ana jin ɗaci da ɗan yaji. Ana barbaɗa ta a burodi da miya don ƙamshi, ana kuma tatsar manta don magani. Larabawa na kiranta habbatul baraka, Farisawa shuniz, mutanen Indiya da Pakistan kuma kalonji.

Tsiron

Shekara ɗaya yake yi ya mutu. Tsawonsa yakan kai santimita 20 zuwa 30, wani lokaci ya ɗara haka, furensa fari ne ko shuɗi mai haske, ƙwayoyin kuma suna cikin wani ɗan kwanso da ke bushewa a kan tsiron. Ana kyautata zaton asalinsa yammacin Asiya ne da gabashin Turai. Yau ana noma shi sosai a Indiya, Masar, Turkiyya, Siriya da Habasha.

Tarihi

Ba a san lokacin da ɗan Adam ya fara noma ta ba, amma shaidun da aka tono sun kai shekara dubu uku da ɗoriya. An sami ƙwayoyinta cikin kayan da aka binne tare da Fir'auna Tutankamun, wanda ya mutu wajen shekara ta 1323 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a kabarin da Howard Carter ya gano a 1922. A Boyalı Höyük da ke tsakiyar Turkiyya kuma an tono wani ɗan tulu na zamanin Hittiyawa, tsohuwar al'ummar yankin, wanda aka ƙiyasta ya kai wajen 1650 kafin haihuwar Annabi Isa, da ƙwayar a ciki haɗe da kayan saƙar zuma. Wannan haɗin ne ya sa waɗanda suka bincika tulun suka karkata ga cewa magani aka ajiye a ciki. Littafin Ishaya da ke cikin Baibul, sura ta 28, ya ambaci wata ƙwaya mai suna ƙesah da ake sussuka da sanda, kuma masu sharhi da yawa suna ganin ita ce.

Likitan Girka Diyoskoridis, wanda ya rayu a ƙarni na 1 miladiyya, ya rubuta ta da sunan melantiyon. Ya ce tana maganin ciwon kai, mura, ciwon haƙori da tsutsar ciki, tana kuma saukar da fitsari da jinin haila da ruwan nono. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, shi ma ya sanya ta cikin magungunan da ya yi bayani a littafinsa al-Ƙanun.

A hadisi da wurin malamai

Martabar da ƙwayar take da ita a wurin Musulmi ta samo tushe daga hadisin Abu Huraira (RA) da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa Annabi (SAW) ya ce a cikin habbatus sauda akwai waraka daga kowace cuta sai as-sam. Ibn Shihab az-Zuhri ya bayyana cewa as-sam ita ce mutuwa, ƙwayar kuma ita ce shuniz. Bukhari ya kawo wata ruwayar ta hanyar Nana A'isha (RA), inda Ibn Abi Atiƙ ya je gaida Galib ibn Abjar da ke jinya, ya ba da shawarar a ɗauki ƙwaya biyar ko bakwai a daka, a haɗa da mai, a ɗiga a kafofin hancinsa biyu.

Magabata sun ɗan saɓa a kan ƙwayar da ake nufi. An ruwaito cewa wasu sun ce khardal ce, wato ƙwayar mustad, wasu kuma 'ya'yan wani itace da Larabawa ke kira buɗum, amma Ibn Ƙayyim al-Jauziyya, wanda ya rasu a 1350, ya rinjayar da shuniz a littafinsa Zadul Ma'ad, kuma a kan haka aka tafi. Ya lissafa amfaninta dalla-dalla: tana kore kumburin ciki, tana fitar da tsutsa, idan aka soya ta aka ƙulle a ƙyalle ana shaƙa tana sauƙaƙa mura, idan aka dafa da khal aka kurkure baki tana kwantar da ciwon haƙori. Mai lura zai ga jerin nan ya yi kusa ƙwarai da na Diyoskoridis, domin likitocin Musulmi sun gaji ilimin Girkawa suka ɗora a kai.

Game da kalmar "kowace cuta", Ibn Hajar ya kawo ra'ayi biyu a Fathul Bari, sharhinsa na Bukhari. Al-Khaɗɗabi ya ce lafazi ne gamamme da ake nufin keɓantacce, wato cututtukan da sanyi da laima ke haddasawa. Ibn Abi Jamra ya ce a bar lafazin a kan gamewarsa.

Abin da ke cikin ƙwayar

Kusan kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na nauyin ƙwayar mai ne, mafi yawansa irin kitsen da ake kira linoleik da oleik. Akwai kuma wani mai mai ƙamshi da ke tashi cikin iska, wanda bai cika wuce kashi 2.5 ba, kuma a cikinsa ne ake samun taimokwinon, sinadarin da masu bincike suka fi ɗora wa aikin magani. Wani masanin harhaɗa magunguna ɗan Masar, El-Dakhakhny, shi ya ware shi daga man a 1963.

Ana fitar da man ta hanyar matsa ƙwayar ba tare da zafi ba, ko da tururi, ko ta jiƙa garinta a sinadari mai narkar da mai. Yawan taimokwinon yana bambanta da hanyar tatsa da ƙasar da aka noma ƙwayar, har ta kai kwalabe biyu masu suna ɗaya sukan yi nisa da juna wajen ƙarfi. Haske yana lalata taimokwinon, kuma ba ya narkewa sosai a ruwa, abin da ke wahalar da mayar da shi maganin asibiti.

Binciken zamani

A ɗakin gwaje-gwaje da jikin ɓeraye an ga taimokwinon yana rage kumburi, yana hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa, yana kashe wasu ƙwayoyin ciwon daji da aka raina a kwano. Gwaji a kan mutane bai kai wannan yawan ba. Wani nazari na 2016 da ya tattara gwaje-gwaje da dama ya nuna hawan jini yana sauka da kimanin maki 3, raguwa ta gaske amma kaɗan. An sami irin wannan sauƙi a sukarin jini da kolestarol. A Jidda, wani gwaji da aka buga a 2017 ya ba masu asma miligiram 500 na man sau biyu a rana tsawon mako 4 tare da magungunansu, aka ga alamun ciwon sun ɗan lafa. Akasarin gwaje-gwajen nan mutane kaɗan suka ƙunsa, kuma ba su daɗe ba.

Iƙirarin cewa tana warkar da ƙanjamau, ciwon daji ko korona bai tabbata ba, kuma barin maganin asibiti saboda shi ganganci ne da rai.

Illoli

Cin ta daidai gwargwadon kayan ƙamshi ba shi da matsala ga yawancin mutane. Shafa man yakan jawo wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje, a wasu lokuta masu tsanani. Mai shan maganin suga ko na hawan jini zai iya ganin awonsa ya faɗi fiye da kima idan ya haɗa, ana kuma shawartar mai juna biyu ta guji shan man da yawa.

A ƙasar Hausa

Mafi yawan wadda ake sayarwa shigo da ita ake yi, kuma alhazai sun daɗe suna kawo ta tsaraba daga Makka da Madina. Ana samun ta a shagunan Islamic Chemist da wurin masu maganin gargajiya, ƙwaya ko gari ko mai, galibi a sha da zuma. A Nijeriya hukumar NAFDAC ce ke ba irin waɗannan kayan lamba, kuma tana sa a rubuta a jikin kwalbar cewa ba ta tantance iƙirarin warkarwar da aka yi ba.