Mene ne juya bishiyar bayanai zuwa jeri cikin jeri?

A harkar firogiramin in aka ce bishiya, ana nufin wani tsari na ajiye bayanai inda abu ɗaya ke can sama, wasu suka fito daga gare shi, su ma wasu suka fito daga gare su, haka dai har ƙasa. Na saman shi ne saiwa, waɗanda ba su haifi kowa ba su ne ganye, kowane ɗaya a cikinsu kuma gaɓa ce. Dokarta guda ce, kowace gaɓa uba ɗaya gare ta, saiwa ce kaɗai ba ta da shi, shi ya sa in gaɓoɓi 10 ne to layukan da suka haɗa su 9 ne cif. Foldojin da ke cikin kwamfutarka bishiya ce, shafin HTML da burauza ke karantawa ma bishiya ce.

Jeri kuwa, wanda 'yan kodin ke kira arey, abubuwa ne a jere ɗaya bayan ɗaya cikin baka mai kusurwa, kamar [1, 2, 3]. In wani daga cikin abubuwan shi ma jeri ne, to an samu jeri cikin jeri ke nan, misali [1, [2, 3], [4, [5]]].

To me ya kawo juyawar? A cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta kowace gaɓa adireshin 'ya'yanta take riƙewa, kuma adireshin nan ba shi da wani amfani da zarar ka fita daga manhajar, in ka tura shi wata na'ura shirme ne kawai. Saboda haka in za ka ajiye bishiya a fayil ko ka aika ta daga saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin intanet, zuwa burauza dole ka rubuta ta a yadda za a iya karantawa, galibi da tsarin rubuta bayanai da ake kira JSON, wanda Douglas Crockford ya yaɗa a farkon shekarun 2000 aka kuma tsayar masa da ƙa'ida a 2013. JSON ba shi da adireshi, abin da yake da shi baka ne, don haka bakan ne za su ɗauki nauyin nuna wane ne uba wane ne ɗa. Dabarar ma ba sabuwa ba ce, yaren Lisp da John McCarthy ya ƙirƙiro a 1958 gaba ɗayansa a kan jeri cikin jeri aka gina shi.

Ɗauki foldar Takardu, a cikinta akwai foldar Makaranta mai fayil biyu, sai wasiƙa ɗaya a gefe. In muka ce kowace gaɓa gurbi biyu gare ta, suna sannan jerin 'ya'ya, ga yadda za ta fito:

["Takardu", [
  ["Makaranta", [["lissafi.pdf", []], ["kimiyya.pdf", []]]],
  ["wasika.txt", []]
]]

Ka lura ganyen ma sai da aka ba su jeri wayam, babu komai ciki. Mutane da yawa na ganin wannan ɓata wuri ne sai su taƙaita, su rubuta ["Takardu", ["Makaranta", "lissafi.pdf", "kimiyya.pdf"], "wasika.txt"], kuma ba laifi yana aiki, salon Lisp ne ma, amma fa a nan ne rikici ke farawa. Wanda ya karɓi ["Makaranta", "lissafi.pdf", "kimiyya.pdf"] ba tare da an yi masa bayani ba, ta ina zai san uba ne da 'ya'ya biyu ko kuwa 'yan uwa ne su uku? Ba zai sani ba, bakan ba su faɗa ba, ƙa'idar na cikin kanka kai da ka rubuta, kuma bayan wata shida kai ɗin ma ƙila ka manta. Ni a ganina wannan shi ne babban aikin, ka zauna ka yanke siffa ɗaya da kowace gaɓa za ta bi, har da ganye, kafin ka rubuta kod ko layi ɗaya. Ko salon farkon ma yana da nasa giɓin, folda marar komai da fayil kamanninsu ɗaya, dukansu suna ne da jeri wayam, in bambancin na da muhimmanci a wajenka sai ka ƙara gurbi na uku da zai faɗi nau'in gaɓar, ko kuma ka bar jeri zalla ka koma ga tsarin da kowane gurbi ke da sunansa.

In siffa ta zauna, kod ɗin ɗan mitsitsi ne. A yaren firogiramin na Python:

def juya(gaba):
    return [gaba.suna, [juya(da) for da in gaba.yaya]]

Fanshan ne, wato guntun kod da ake kira da sunansa ya yi wani aiki, kuma wannan mai kiran kansa ne. Ya ɗauki sunan gaɓa, ya juya 'ya'yanta ɗaya ɗaya da wannan dabarar dai, in ya iso ganye babu ɗa sai ya tsaya da kansa. Ka ga amfanin jeri wayam ɗin nan, ba sai ka yi wa ganye wata doka daban ba.

Sai dai akwai inda yake kayar da mutum. Python ba ya barin kiran kai ya yi zurfin da ya wuce wajen 1000 in ba ka canza saitin ba, bishiya mai zurfi sosai za ta jefo maka kuskuren RecursionError, maganinsa ka ajiye gaɓoɓin da ke jira a naka tarin kana zaro su da madauki, wato umarnin da ke maimaita aiki. Sannan in ɗa yana riƙe da adireshin ubansa kai kuma ka bi shi, zagaye za ka yi ta yi ba iyaka, shi ya sa JSON.stringify, fanshan ɗin yaren JavaScript mai juya bayanai zuwa JSON, ke ƙin irin wannan ya jefo kuskuren TypeError. Cire adireshin uba kafin ka juya, ai matsayin ɗa a cikin baka ya riga ya faɗi ubansa.

Sau da yawa ma bishiyar ba a haɗe take zuwa ba, daga rumbun bayanai take fitowa layi layi, kowane layi da lambarsa da lambar ubansa. Mai gaggawa sai ya ce ga kowane layi bari in duba dukkan layuka in nemo 'ya'yansa, in layuka 10,000 ne duba 100,000,000 ke nan, wallahi asara ce. Zagaye biyu sun isa, na farko ka zuba kowane layi a ƙamus, wato ma'ajin da za ka iya zaro shi kai tsaye da lambarsa, na biyu ka ɗauki kowanne ka liƙa shi a jerin 'ya'yan ubansa, wanda bai da uba shi ne saiwa.

Kar kuma a rikita wannan da baje jeri. JavaScript ta samu flat, fanshan mai baje jeri, a 2019, in ka kira flat(Infinity) a kan misalinmu duk bakan ciki za su ɓace ka samu sunaye biyar a jere, Takardu, Makaranta, lissafi.pdf, kimiyya.pdf, wasika.txt, kuma daga nan ba yadda za a yi ka gane wasiƙar a cikin Makaranta take ko a cikin Takardu. In har za ka baje amma kana so wata rana ka sake haɗa bishiyar, to kowane suna ya tafi da lambar ubansa ko zurfinsa a gefe.