Waiwaye: Rigimar Baibul a makarantun gwamnatin Amurka ta girmi 1963

Tun da jihar Louisiana ta yi doka a 2024 cewa a liƙa Dokoki Goma na Baibul a kowane aji, Texas ma ta bi sahu a 2025, ake ta maimaita cewa marasa addini ne suka fitar da Baibul daga makarantun gwamnati. Hujjar da ake kawowa ita ce hukuncin kotun ƙoli na 1963, wanda ya soke dokar Pennsylvania ta karanta aƙalla ayoyi 10 kowace safiya. An hana addu'ar da hukuma ta tsara a 1962, an cire allunan Dokoki Goma a Kentucky a 1980. Tabbas akwai marar addini cikin masu ƙarar 1963, amma magana ta daɗe kafin nan.

A birnin Cincinnati na jihar Ohio aka yi irin wannan rigima, a 1869. Tsarin lokacin shi ne malami ya karanta fassarar King James, wato Baibul na Turanci da 'yan Furotesta ke amfani da shi, ba tare da sharhi ba, ana ganin haka ne adalci. To amma karatu ba sharhi ai aƙidar Furotesta ce. 'Yan Katolika suna da tasu fassarar mai ɗauke da bayanai, kuma a wurinsu nassi ba ya rabuwa da sharhin coci. Yahudawan birnin kuwa ana karanta wa 'ya'yansu Sabon Alkawari. Wannan saɓani ne ya jawo ƙona coci biyu na Katolika a Philadelphia a 1844.

Da yunƙurin haɗe makarantun Katolika da na gwamnati ya ci tura, hukumar makarantun birnin ta kaɗa ƙuri'a ta dakatar da karatun baki ɗaya. Wasu mazauna birnin suka garzaya kotu, suka yi nasara a 1870 da alƙalai biyu, ɗaya ya saɓa. Kotun ƙolin Ohio ta juya hukuncin, tana cewa addini bai buƙatar gwamnati ta tallafe shi. Masu sassaucin ra'ayi sun shiga, amma tushen rikicin tsakanin masu imani yake: fassarar wa za a karanta?

Har yau nan ake tuntuɓe. Dokoki Goma kansu, lissafin Katolika daban, na Yahudawa daban, na yawancin Furotesta daban, don haka duk wanda aka liƙa an zaɓi ɓangare.

Hukuncin 1963 ma bai hana nazarin Baibul a matsayin adabi ko tarihi ba. Binciken cibiyar Pew na 2010 ya nuna kashi 23 cikin ɗari na Amurkawa ne kawai suka san haka. A tambayoyi 32 na binciken kan addinai, marasa addini da masu kokwanton samuwar Allah ne suka fi kowa maki.