Tantance binciken ilimin halayyar ɗalibai

Tantance binciken ilimin halayyar ɗalibai shi ne karanta rahoton bincike a kan koyo da koyarwa domin a gane ko hujjar da ke ciki za ta iya ɗaukar maganar da aka ɗora mata. Hausawan da ke karatun tarbiyya a Sudan da Saudiyya, irin su Jami'ar Jazira a Wad Madani da Ummul Ƙura a Makka, sukan haɗu da shi a darasin manahijul bahas (hanyoyin bincike) kafin rubuta risalar digiri na biyu.

Gogaggen mai karatu yakan tsallake taƙaitawa ya fara da sashen hanyar bincike. Abin dubawa na farko shi ne ayyina, wato waɗanda aka gwada: su nawa ne, yaya aka zaɓo su? Idan aji ɗaya ya samu sabuwar hanya, ɗayan ya zauna a tsohuwa, kuma malamansu daban, ba a san ko hanyar ce ta yi aiki ko malamin ba. Gyaransa shi ne a raba azuzuwa masu yawa ta hanyar ƙuri'a.

Sai harshen gwajin, inda aka fi tafka kuskure ba a lura ba. Yaron garin Mai Wurno na Sudan da ke Hausa a gida, Larabcin gari a kasuwa, in aka ba shi gwajin fahimta da fusha (daidaitaccen Larabci), ƙarancin makinsa zai iya zama na harshe, ba na basira ba. Istibiyan (takardar tambayoyi) da aka fassaro daga Turanci kuwa, a duba ko wani mai fassara daban ya mayar da shi Turancin an kwatanta, dabarar da Richard Brislin ya bayyana a 1970. Alfar Cronbach, ma'aunin jituwar tambayoyin istibiyan, in ta kai 0.70 tana nuna tambayoyin sun jitu da juna ne kawai. Ba ta tabbatar da cewa abin da ake nufi suke aunawa ba. A duba kuma a wace al'umma aka yi gwajin: Henrich da abokansa sun nuna a 2010 cewa kashi 96 cikin ɗari na waɗanda aka gwada a manyan mujallun ilimin halayyar ɗan Adam daga ƙasashen da ke da kashi 12 na al'ummar duniya suke.

Alamar p ƙasa da 0.05, wadda ake kafa hujja da ita cewa bambancin da aka gani ba na katari ba ne, ba ta faɗin girman amfani. Da ɗalibai dubbai, bambancin da bai taka kara ya karya ba ma zai wuce ta. Don haka ake neman girman tasiri, wanda Jacob Cohen ya kasa gida uku: 0.2 ƙarami, 0.5 matsakaici, 0.8 babba.

Lokacin aunawa ma yakan juya sakamako. A gwajin Roediger da Karpicke na 2006, masu sake karanta nassi sun fi tunawa bayan minti 5, amma bayan mako guda masu ƙoƙarin kawo shi da ka ne suka yi gaba. Malamin khalwa (makarantar allo) da ke sa almajiri ya kife allo ya kawo hadda ba zai yi mamaki ba.

Bincike ɗaya bai isa hujja ba sai an maimaita shi. A 2015 an sake gwaje-gwaje 100 na ilimin halayyar ɗan Adam, kusan kashi 36 kaɗai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi. A fannin ilimi, Makel da Plucker sun gano a 2014 cewa kashi 0.13 cikin ɗari ne na maƙalun manyan mujallu 100 suke maimaicin wani bincike.