Tambayoyi da amsoshi kan yadda ƙungiyoyin agaji ke yi wa yara maganin tamowa

A shekarar 1990 yara sama da miliyan 12 ne suka mutu a duniya kafin su cika shekara biyar. A 2022 adadin ya sauko zuwa miliyan 4.9. Kusan rabin mace-macen da suka rage na da nasaba da rashin abinci mai gina jiki, shi ya sa maganin tamowa ke cin babban kaso na aikin UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya da Shirin Abinci na Duniya.

Tamowa da tsumburewa abu ɗaya ne?

A'a. Tsumburewa gajarta ce da ke zuwa a hankali, galibi cikin kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu. Tamowa kuwa ramewa ce ta gaggawa, cikin makonni kaɗan, sau da yawa bayan gudawa ko ƙyanda ko yankewar abinci. Ƙiyasin 2022 ya nuna yara kusan miliyan 148 sun tsumbure, miliyan 45 sun rame, kuma sama da miliyan 13 daga cikinsu ramewar ta yi tsanani. Yaron da ramewarsa ta yi tsanani ya fi mai ƙoshin lafiya haɗarin mutuwa har ninki 11.

Ta yaya ake gane yaron da ya kamu?

Da wani siririn tef mai launi uku da ake naɗawa a damtsen hagu, daidai tsakiyar kafaɗa da gwiwar hannu, hannun yana sake. Ga ɗan wata 6 zuwa wata 59, ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani ke nan. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya ne, matsakaiciya. Daga 12.5 zuwa sama kore ne.

Kuskuren da aka fi yi shi ne matse tef ɗin har ya shiga cikin fata, ko barinsa sako-sako. Milimita biyu ko uku kawai sun isa su mayar da ja rawaya, a sallami yaron da ya kamata a karɓa.

Sai gwajin kumburi. A danna babban yatsa a saman ƙafafu biyu na daƙiƙa uku. Idan ramin ya zauna a duka biyun, tamowa ce mai tsanani ko da tef ya nuna kore. Wannan ne ke yaudarar iyaye, domin yaron kan yi kama da mai ƙiba alhali ruwa ne ya taru a jikinsa. Yanzu shirye-shirye da yawa na koya wa iyaye mata aunawa da kansu a gida, kuma hakan daidai ne, domin uwa ce ke ganin ɗanta kullum.

Mene ne a cikin fakitin da ake ba yaran?

Markaɗaɗɗiyar gyaɗa ce da garin madara da sukari da mai, haɗe da bitamin da sinadaran gina jiki. Fakiti ɗaya giram 92 ne, yana ba da kalori 500. An ƙirƙire shi a Faransa a 1996, aikin likita André Briend da injiniyan sarrafa abinci Michel Lescanne, da sunan Plumpy'Nut. Sirrinsa rashin ruwa: ƙwayoyin cuta ba sa haihuwa a cikinsa, ba ya bukatar dafawa ko firij, kuma yana kai shekara biyu bai lalace ba in ba a buɗe ba.

Kafin zuwansa dole ne a kwantar da kowane yaro a asibiti na makonni, a riƙa dama masa madara da ruwa mai tsabta, uwa ta bar sauran 'ya'yanta da sana'arta. A 2007 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince a riƙa jinyar mafi yawan yaran a gida.

Nawa ake ba yaro, kuma har tsawon wane lokaci?

Gwargwadon nauyinsa ne. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2023 ta ce kalori 150 zuwa 185 ga kowane kilo a rana. Yaro mai kilo 7 zai ci fakiti biyu zuwa biyu da rabi ke nan, kaɗan-kaɗan, ana ba shi nono tukuna idan yana sha, da ruwa mai tsabta a gefe. Ana haɗa masa da amozisilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, domin jikin mai tamowa kan ɓoye cuta ba tare da zazzaɓi ba. Kwali ɗaya mai fakiti 150 kan ishi yaro ɗaya na mako shida zuwa takwas. Ana dawo da shi awo duk mako ko mako biyu, kuma ba a sallamarsa sai damtse ya kai 12.5, kumburi ya tafi, a zuwa biyu a jere.

Wane yaro ne ba za a yi wa jinya a gida ba?

Wanda ya faɗi gwajin cin abinci, wato aka ba shi fakitin a wuri mai natsuwa ya kasa ci. Haka mai kumburin da ya mamaye jiki har fuska, mai amai ba tsayawa, mai jijjiga, mai numfashi da ƙyar, ko wanda ya yi laushi ba ya kula kowa.

A nan ne kyakkyawar niyya ke kisa idan babu ilimi. Zuciya da hanta da ƙodar irin wannan yaro sun rage aiki don su tsira da ɗan abin da suke samu. In aka ɗura masa abinci mai yawa lokaci guda, sinadaran jininsa su rikice, zuciya ta gaza. Saboda haka ana farawa da madarar F-75, mai kalori 75 a kowace mililita 100, kowace awa biyu ko uku, har da tsakar dare, domin faɗuwar sukarin jini da sanyin jiki da daddare suka fi kashewa. Ba a ba shi sinadarin ƙarfe a kwanakin farko, don yana iya ƙara wa cuta ƙarfi. Ba a yi masa ƙarin ruwa ta jijiya sai in ya kai halin suma saboda bushewar jiki, domin ruwan na iya cika masa zuciya da huhu. In gudawa ta busar da shi, akwai ruwan gishiri da sukari na musamman mai ƙarancin gishiri, ReSoMal. Sai ya farfaɗo ya fara neman abinci a koma madarar F-100, mai kalori 100 a kowace mililita 100, ko fakitin gyaɗa.

Jaririn da bai kai wata shida ba ba a ba shi fakitin. Nasa aikin shi ne a gyara shayarwa, a kuma duba lafiyar uwar da abincinta.

Me ke sa shiri ya gaza alhali maganin na aiki?

Ma'aunin Sphere da ƙungiyoyin agaji ke bi ya ce a cikin yaran da suka fita daga shiri, sama da kashi 75 cikin ɗari su warke, mutuwa ta tsaya ƙasa da kashi 10, masu daina zuwa ƙasa da kashi 15. Na ukun nan ne ya fi wuya. Nisan cibiyar jinya da kuɗin mota da lokacin aikin gona kan sa uwa ta daina zuwa da zarar yaro ya ɗan murmure.

Akwai kuma rabon fakiti da 'yan'uwa. Uwar da ke kallon 'ya'ya huɗu masu yunwa ba za ta iya hana ukun ba, kuma zarginta zalunci ne. Gyaran shi ne a ba iyalin tallafin abinci ko kuɗi tare da maganin. Wasu kuma kan dama fakitin da ruwa su ajiye, wanda ke buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofar da aka rufe.

Mafi muni shi ne yankewar kaya. UNICEF ke sayen kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na wannan abinci a duniya, kuma daga yin oda zuwa isarsa cibiyar karkara ana ɗaukar watanni. Idan kuɗin masu ba da tallafi ya makara, rumbu kan ƙare daidai lokacin da yaran suka fi yawa, kuma uwar da ta yi tafiyar yini aka ce mata babu, da wuya ta sake dawowa. Shi ya sa shirin da ya san aikinsa ke kai kaya kusa da cibiyoyi tun kafin damina ta toshe hanyoyi, ya kuma ci gaba da auna yaron da aka sallama na wasu watanni, domin wanda ya koma gida ya tarar da gurɓataccen ruwa da ƙarancin abincin da suka kwantar da shi na iya sake ramewa.