Me ake nufi da musayar iska a huhu?

Idan likita ya ce huhu yana musayar iska da jini, abin da yake nufi shi ne oksijin na shiga jini, kabon dayoksaid kuma na fita, duk a wuri guda kuma a lokaci guda. Iskar da ka shaƙa tana bin maƙogwaro ta rabu gida biyu, ta yi ta rassa suna ƙara sirancewa har ta ƙare a wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna da ake kira albiyolai, kuma mutum ɗaya yana da su sama da miliyan 300. Kowace jaka ƙananan jijiyoyin jini sun nannaɗe ta kamar raga, bangon da ya raba iskar da jinin kuwa kaurinsa bai ma kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba.

To abin da yake burge ni shi ne babu wani famfo da ke tura oksijin ɗin nan cikin jini, da kansa yake ratsawa daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi ƙaranci. Jinin da ya dawo daga jiki ya kashe wani ɓangare na oksijin ɗinsa, ya ɗebo kabon dayoksaid, sai kowanne ya bi hanyar da ta sauƙaƙa masa, ɗaya ciki ɗaya waje, kuma ƙwayar jini ba ta ma cika daƙiƙa ɗaya a wajen ba an gama. Wani sinadari mai suna himoglobin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini shi yake cafke oksijin ɗin, zuciya ta harba shi ko'ina. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari oksijin ce, wadda muke fitarwa kuma akwai sauran kusan kashi 16, wato ba duka jiki yake ɗauka ba.

Shi ya sa nimoniya take da haɗari, ruwa da mugunya ne ke cika jakunkunan, mutum yana ta haki amma oksijin ba ya isa jini yadda ya kamata. Taba kuma a hankali take rusa bangonsu, kuma wanda ya rushe ba ya dawowa. Hayaƙin janareta ko gawayi a rufaffen ɗaki ya fi su saurin kisa, don kabon monoksaid ɗin da ke cikinsa yana manne wa himoglobin fiye da oksijin sau 200 ko ma fiye, ga shi ba launi ba wari, mutum yana barci zai wuce. Don Allah kar a kwana da su a ɗaki.