Annabi Ibrahim: uba ɗaya, gida uku

Ranar sallar layya muna zaune a fada a unguwar Zariya, nan Maraɗi. An baje raguna a kan itace sun kewaye wuta, kitse na ɗiga, sai wani maƙwabcinmu Kirista, malamin lakwal, ya ce ai su ma labarin ragon nan yana cikin littafinsu. Wani yaro ya zaro ido: "Malam, wai ku ma kun san Annabi Ibrahim?" Har aka sha shayi na uku ba a gama ba. Ga abin da aka tambaya.

Da gaske Yahudawa da Kiristoci sun san shi?

Sani kai! Tarihinsa yana cikin Farawa, littafin farko na Attaura, daga sura ta 12 zuwa ta 25, kuma Kiristoci suna karanta shi cikin Tsohon Alkawari. Linjilar Matiyu ma da sunansa ta buɗe, inda ta kira Annabi Isa ɗan Dawuda, ɗan Ibrahim. A Alƙur'ani sura ta 14 sunansa ta ci, kuma ba mu sallame salla sai mun ambace shi a tahiya. Har laƙabinsa ɗaya ne: mu mu ce Halilullahi, littafin Ishaya 41:8 kuma ya kira shi aminin Allah. Duk Halilu, Iro, Saratu da Hajo da ke garin nan, daga gidansa suka samo suna.

To, ina aka rabu?

A kan ƙofar da kowa ke shiga gidansa. Bayahude yana shiga ta jini da alkawari: Ibrahim ya haifi Ishaƙu, Ishaƙu ya haifi Yaƙubu, shaidar alkawarin kuwa kaciya ce a rana ta takwas. Kirista yana shiga ta bangaskiya, don Bulus, manzo a wurin Kiristoci, ya rubuta wa Galatiyawa a wasiƙarsa cewa masu ba da gaskiya su ne 'ya'yan Ibrahim, ko da ba jininsa ba ne. Musulmi kuwa yana shiga ta tafarki. Ali Imrana, aya ta 67, ta ce shi ba Bayahude ba ne, ba Banasare ba ne, mai karkata ga gaskiya ne, mai miƙa wuya. Gina Ka'aba tare da Isma'ila kuma a wurinmu kaɗai yake.

Wane ɗa aka kwantar za a yanka?

Nan aka fi ɗaga murya. Farawa sura ta 22 ta faɗi suna ƙarara: Ishaƙu, a ƙasar Moriya, kuma ragon ya sarƙafe da ƙahonsa a cikin kurmi. Suratus Saffat ta kawo mafarkin, da amsar yaron cewa babansa ya aikata abin da aka umarce shi, da fansa da yanka mai girma, amma ba ta kama sunan yaron ba. Da yawa a fadar ba su yarda ba sai da wani gardi ya janyo ayoyin da ka.

Mafi yawan malamai sun tafi a kan Isma'ila ne, hujjarsu kuwa mai ƙarfi ce: sai da aka gama labarin yankan sannan aya ta 112 ta yi bushara da Ishaƙu. Ibn Kasir nan ya tsaya. Amma Ɗabari, wanda babu mai raina tafsirinsa, ya rinjayar da Ishaƙu. Ni ina tare da masu cewa Isma'ila, sai dai ba na son a riƙa magana kamar ba a taɓa saɓani a cikin gida ba.

Su ma suna layya?

A'a. Yahudawa suna karanta labarin a bikin sabuwar shekararsu, su busa ƙahon rago. Kiristoci suna ɗaukarsa ishara ce ga mutuwar Almasihu bisa aƙidarsu, don haka ba su ga bukatar yanka ba. Maƙwabcin namu dai ya ce bai taɓa mayar da cinya ba idan an aiko.

Labarin farfasa gumaka fa?

Abin mamaki, ba ya cikin Attaura. Yana cikin Suratul Anbiya, yana kuma cikin sharhin malaman Yahudawa na dā, har da jingina laifin ga babban gunki. Sunan uban ne ya bambanta: Azara a Alƙur'ani, Tera a Farawa.

Ina ƙabarinsa yake?

Duka ukun sun nuna wuri guda: Hebron a Falasɗinu, wanda Larabawa ke kira Al-Halil saboda shi. Ginin da ke kan kogon da aka ce a ciki aka binne shi tun zamanin sarki Hirudus yake, yau shekara wajen 2,000. A 1994, cikin azumi, wani Bayahude ɗan kaka-gida ya buɗe wa masallata wuta ya kashe mutum 29. Tun daga nan aka raba ginin biyu, Musulmi da ƙofarsu, Yahudawa da tasu, ɗakin da ke da alamar ƙabarin Ibrahim yana tsakiya, kowane ɓangare na leƙa shi ta tagar ƙarfe.