Kotunan ƙarar hukuma a arewacin Kamaru: sun shirya wa ƙirƙirarriyar basira?

Wace irin kotu ce wannan?

Nan ne talaka ke kai ƙarar gwamnati: ma'aikacin da aka sallama ba bisa ƙa'ida ba, ko mai filin da aka fitar da takardar mallakarsa da sunan wani. Dokar 2006 ce ta tsara su, a 2012 aka kafa ɗaya a babban birnin kowane yanki, har da Garwa, Marwa da Ngaundere. Ɗaukaka ƙara kuwa sai Kotun Ƙoli a Yawunde.

Me na'ura za ta tsinana a ciki?

Shari'ar nan ta takarda ce da wa'adi. Kafin ka je kotu dole ka rubuta wa hukumar da ta cuce ka. In ta yi shiru wata 3, doka ta ɗauka ta ƙi, sannan kwana 60 gare ka ka shigar da ƙara. Wanda ya makara, ko gaskiyarsa ta kai ina, ba za a saurare shi ba. Lissafin irin wannan wa'adi, da zaƙulo tsofaffin hukunce-hukunce masu kama da ƙarar da ke gaban alƙali, aiki ne da manhaja za ta yi cikin ƙiftawar ido.

To, an shirya?

A ganina da saura. Manhaja ba ta san komai ba sai abin da aka ɗura mata, alhali hukuncin da ke ɗaure cikin fayil a ofishin magatakarda bai shiga kwamfuta ba. Sai an fara kwafe su tukuna. Ga ɗauke wuta, wadda duk mai dogaro da lantarkin madatsar ruwa ta Lagdo ya santa a lokacin rani. Ga kuma harshe: takardu da Faransanci ko Turanci, mai ƙara kuwa Fulatanci ko Hausa yake ji, kuma fassarar na'ura a waɗannan harsuna ba ta kai a jingina filin gado a kanta ba.

Manhajar tana ƙarya ne?

Ƙwarai. A 2023 wata kotu a Amurka ta ci lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun kafa hujja da shari'o'in da manhajar ƙirƙirarriyar basira ta ChatGPT ta ƙago. Ba ƙarya kaɗai ce damuwa ba: Faransa, wadda Kamaru ta kwaikwayi tsarin waɗannan kotuna daga gare ta, tun 2019 ta hana amfani da sunayen alƙalai wajen hasashen yadda za su yanke hukunci.

Sirrin mai ƙara fa?

Kamaru ta yi dokar kare bayanan mutane a Disamban 2024. Fayil ɗin ƙara na ɗauke da albashi, gado da rashin lafiyar mutum, don haka tambayi lauyanka ko yana loda takardunka a irin waɗannan manhajoji, kuma da izinin wa.